Yadda ake tara maƙwabta 'yan wata ƙabila a kan abinci: daga miƙa kwano har zuwa masa da miyar taushe

Shekarata ta farko a Legas wallahi ban san sunan kowa ba a gidan da muke haya. Aure ne ya ɗauko ni daga Zariya ya dire ni a Agege, gidan irin mai ɗakuna a jere ɗin nan ne ƙofa na kallon ƙofa, mu kaɗai ne Hausawa, sauran duk Yarbawa ne sai wata Madam 'yar ƙabilar Ibo da mijinta ke sayar da kayan mota a Ladipo. Gaisuwa dai ana yi, a haɗu a bakin famfo a ɗaga wa juna hannu kowa ya shige ɗakinsa, shikenan. Su suna ganin matar Malam bata son mutane, ni kuma ina ganin sun cika hayaniya. Abinda ya warware mana wannan zaman doya da manjan ba wani abu bane illa kwanon masa guda ɗaya, to shi yasa nace bari in rubuta yadda abin yake tafiya daki-daki saboda 'yan uwa mata da aure ko aiki ko karatu ya kai su cikin wasu ƙabilu, ko Legas ne ko Fatakwal ko ma nan cikin Kaduna da Jos.

Mataki na farko, kar ki fara da gayyata. Nasan wasu zasu ce ai gayyatar ce kan gaba, a'a. Mutumin da bai taɓa ɗanɗana girkinki ba idan kika ce ya zo ya zauna ya ci kin ɗora masa nauyi, in abincin bai masa ba dole ya dinga turawa yana murmushin dole kina kallonsa. Ki fara da aika kwano. Ki zuba abu kaɗan a kwano mai murfi mai kyau, ba na roba da ya sha jiki ba, ki kai da kanki kar ki aiki yaro a karon farko, ki ce abincin garinmu ne nace ku ɗanɗana, ki juya abinki. Can cikin ɗakinsu zasu ci yadda suke so, in basu so su ba yara babu wanda ya ji kunya.

Me za ki zuba? Abinda bakinsu ya riga ya ɗan sani ko ya yi kama da nasu. Masa, dambun nama, dubulan, alkaki, zoɓo mai sanyi, kunun gyaɗa. Dan Allah kar ki fara da miyar kuka. Ni ina son kuka kamar me, amma wanda bai saba ba yana buɗe kwano ya ga koriyar miya mai duhu tana yauƙi ga ƙamshin daddawa ya bugi hancinsa, kin gama da shi. Haka fura da nono mai tsami, ki bari sai an saba. Kuma kar ki jira sai Sallah, naman layya kowa yana rabawa, an ɗauke shi kamar wajibi, amma kwanon da ya zo ranar wata Talata haka kawai babu dalili shi ne yake tsayawa a rai.

Sai ki zuba ido ki ga yadda kwanon zai dawo. Kinsan mu a wajenmu kwano baya komawa wayam, to su ma haka ne. Nawa da ya dawo daga ɗakin Iya Ibeji, wato maman 'yan biyu, haka kowa ke kiranta saboda tana da Taiwo da Kehinde kamar dai Hassan da Usaini namu, alale ne a ciki guda huɗu an naɗe a ganye, da zafinsa. To in kwano ya je ya dawo sau biyu sau uku, ƙofa ta buɗu, yanzu za ki iya maganar gayyata.

Mataki na biyu shi ne tambaya, kuma nan ne yawancinmu muke kasawa saboda kunya. Ki tambayi kowa me baya ci. Kar ki yi zato. Bayarabiya zata iya zama Musulma ta ma fi ki riƙo, zata iya zama Kirista, a gida ɗaya ma sai ki samu duka biyun. 'Yan Katolika a lokacin azuminsu na kwana 40 kafin Ista basa cin nama ranar Juma'a, kinga in kika shirya farfesun kayan ciki a irin wannan ranar kin yi asarar kuɗinki. Ki tambayi mai hawan jini, mai ciwon suga, da wanda gyaɗa bata karɓarsa, wannan na ƙarshen da muhimmanci don miyar da zamu yi akwai gyaɗa a ciki. Wasu masu ciki kuma suna gudun zoɓo, sai ki tanadi wani abin sha daban.

Ke ma ki faɗi naki tun da wuri, da fara'a, ba sai an kawo miki abu kin ture ba. Ki ce mu bama cin alade, bama shan giya kuma bama son a shigo mana da ita gida, nama kuma mun fi natsuwa da wanda muka san yankansa. Wallahi duk wanda ya zauna da Musulmi ya san wannan, ba wanda zai ji haushi in an faɗa a gaba. Abinda ke ɓata rai shi ne mace ta wahala ta yi girki ta kawo ki karɓa kina godiya, anjima ta hango shi a cikin bola. Wannan ciwon baya warkewa da wuri.

Sai wani abu da ba na ci bane amma nan ya kamata in saka shi. Kalmar Inyamuri ki cire ta daga bakinki da na yaranki, basa so, ki ce Ibo. Yadda maigidanki yake jin zafi in ɗan acaɓa ya ƙwala masa "aboki" ko "mola" a titi, to haka suke ji.

Mataki na uku, rana. Juma'a tamu ce, Asabar a Legas ranar biki ce kowa ya ci anko ya fita, Lahadi da safe suna coci kuma wasu sai ƙarfe ɗaya ko biyu suke dawowa. Ni abinda na ga yafi shi ne Lahadi bayan La'asar, kin yi sallarki sun huta, kafin Magariba an ci an watse. Mutum kar su wuce takwas zuwa goma har da yara, in sun fi haka ya zama biki, ke kuma kin zama mai aikatau a gidanki baki zauna da kowa ba.

Cefane ki yi shi Asabar. In kina Legas kayan miya ai Mile 12 ne, can motocin arewa suke sauke tumatir da tattasai da albasa, kuma 'yan uwanmu ne a kan kayan, da Hausa za ki yi cinikinki har ki samu gyara. Kabewa da yakuwa da daddawa da shinkafar tuwo ma ki neme su wajen mutanenmu, a Agege ba wuya. Nama kuma mayankar Oko-Oba tana nan kusa. Ki sani a can ba a awo da mudu ko tiya, da wani gwangwani da suke kira derika da kuma bokitin fenti suke awo, ni farkon zuwana na ce a bani shinkafa mudu biyu matar ta tsaya tana kallona kamar na yi mata Larabci.

Yanzu girkin. Na zaɓi masa da miyar taushe saboda dalili: masa bata da baƙo, yaro da babba kowa na ci, ana iya ci da miya, da suga, da yaji, wanda miyar bata masa ba ba zai tashi da yunwa ba. Kuma suyarta abin kallo ce ga wanda bai taɓa ganin tanda ba.

Na mutum goma ki auni shinkafar tuwo gwangwanin madara 10, wajen derika biyu kenan. Shinkafar tuwo nace, farar ɗanya, ba 'yar gwamnati da aka turara ba, waccan ba zata taɓa baki masa ba ko me kika zuba mata. Ki ware gwangwani 9 ki wanke ki jiƙa daren Asabar ta kwana a ruwa. Ɗayan da ya rage ki dafa shi luguf kamar za ki yi tuwo, ki barshi ya huce sarai, in kika haɗa da zafi zai kashe miki yis. Da safe ki tsame jiƙaƙƙiyar ki sake ɗauraye ta, ki haɗa da dafaffiyar, ki yanka albasa manya 2 a kai, ki kai markaɗe da ruwa kaɗan, kar ya yi ruwa tsululu don ƙara ruwa abu ne mai sauƙi amma cirewa babu hali.

Nan ki tsaya ki saurare ni da kyau. Injin markaɗen unguwa a Legas tun asuba attarugu da wake yake ci. In baki tsaya a kansa kin sa an ɗauraye shi sau biyu ba, ƙullunki zai fito ja-ja yana yaji, ni ya taɓa faruwa da ni, na soya masa ta fito kalar ƙosai, maigida ya ci ɗaya ya ce wannan kuma sabon salo ne? Ki biya kuɗin ruwan ɗaurayar in ta kama, ko in bilandarki mai ƙarfi ce kuma an kawo wuta ki markaɗa a gida kaɗan-kaɗan.

In kin dawo ki zuba yis babban cokali ɗaya da rabi, suga cokali 2, ki juya sosai, ki rufe a roba mai zurfi wadda ƙullun bai wuce rabinta ba saboda zai taso, ki ajiye a wuri mai ɗumi. A Zariya lokacin sanyi mukan bar ƙullu ya kwana, amma zafin Legas da gumin nan nata awa 4 zuwa 5 ya ishe shi, in ya wuce haka sai tsami. Kinga in kin haɗa ƙarfe tara na safe, ƙarfe biyu ya tashi. Za ki ga ya kumburo yana ƙananan ƙwayaye a sama yana wannan ƙamshin. Sai ki buga shi da ludayi ya faɗa, ki sa gishiri ƙaramin cokali 2, ki ƙara suga cokali 3 ko yadda bakinki yake so, ki ɗan tsiyaya ruwan kanwa in kin ji tsami, kaɗan fa, in ta yi yawa masar zata yi rawaya tana warin kanwa. Kaurinsa ya zama kamar na koko mai kauri, yana zuba daga ludayi ba tare da ya tsinke kamar ruwa ba.

Kafin ƙullu ya tashi ki gama miya. Nama kilo 2 ki sa a haɗa miki da ƙashi mai ɓargo, taushe ba ƙashi ai ba taushe bace. Ki ɗora shi da albasa ɗaya, citta, tafarnuwa, gishiri, dunƙule da daddawa kamar ƙwaya 3 da kika daka. Ki fere kabewa rabin matsakaiciya, jar nan mai gari, ki yanka manya ki jefa a kan naman in ya yi rabin dahuwa. In ta yi laushi ki tsame ta ki dame da bayan ludayi ko ki daka a turmi. A wata tukunyar ki soya manja ludayi 2 da albasa, ki zuba jajjagen tattasai 8, tumatir 6, attarugu 4 ko 5, ki bari ruwan ya tsotse har mai ya taso. Sai ki juye naman da romonsa, ki mayar da kabewar, ki dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa gwangwani ɗaya da ruwan ɗumi ki zuba kina juyawa, ki rage wuta don gyaɗa da kabewa duk gwanayen kamu ne, minti 15 haka. Ƙarshe alayyahu mai yawa, yakuwa 'yar kaɗan don ɗan tsamin nan, da lawashi, minti 5 ki sauke kar ganyen ya mutu.

Batun yaji: duk yadda kika zuba attarugu, Bayarabe zai ce miyar bata ji ba, in kuma kika biye masa yara da sauran baƙi ba zasu iya ci ba. Mafita ki yi miyar daidai, ki soya jajjagen attarugu zalla a ɗan kwano daban, ki ajiye yajin ƙuli a gefe. Yajin ƙulin nan ki daka da yawa, da sun ɗanɗana zasu ce ai yajin suya ne, kuma sai an roƙe ki guzurinsa.

Nama kuma kar ki yanka shi ƙanana ya ɓace a cikin miya irin yadda muke yi. A wajensu ana ganin karamcin mai gida ne a yankan naman da aka ɗora wa baƙo a sama yana gani, ki yi manya, kowa biyu aƙalla, babba a cikinsu uku.

Suyar masa ki fara ta kamar saura rabin awa su iso, ki soya rabi ki zuba a kula, rabin kuma ki bari sai sun zo, zan faɗi dalili. Ki ɗora tanda ta yi zafi, wuta matsakaiciya, ki zuba man gyaɗa kamar ƙaramin cokali a kowane gurbi, ki zuba ƙullu kar ya cika taf, in gefen ya yi ja kuma saman ya fara ɓula sai ki sa cokali ki juya. Zubin farko yawanci kamawa yake yi, kar hankalinki ya tashi, na yara ne. In ciki yana fitowa ɗanye wutarki ta yi yawa, in tana shan mai kamar soso ƙullun ya yi ruwa ko tandar bata yi zafi ba.

To sun iso. Ki koyi kalma biyu uku a yarensu, ba sai kin iya da kyau ba, kuskuren ma shi yake kawo dariya. Bayarabe ki ce masa "e kaabo", sannu da zuwa kenan, in an ajiye abinci "e wa jeun", ku zo ku ci. Ibo kuma "nno". Babbar mace ki ɗan russuna mata, wannan mun iya, kuma kar ki kira ta da sunanta gatsau, ki ce Mama ko Iya wane da sunan ɗanta, kamar dai yadda muke sakaya sunan manya.

Wurin zama ki shirya shi kafin nan. Mu tabarma ko darduma muka saba, amma dattijuwa mai ciwon gwiwa ko namijin da ya matse cikin wando ba zai iya tanƙwashe ƙafa ba, ki aro kujeru uku huɗu ki ajiye, kowa ya zaɓa. In a gidanku maza daban suke zama mata daban, ki sanar tun ranar gayyata cewa maza zasu zauna da maigida a waje ko a falo mu kuma muna ciki, don wasu sun saba mata da miji kafaɗa da kafaɗa, in aka raba su ba bayani sai su ɗauka wani abu ne. Ruwan wanke hannu a buta da roba da sabulu, cokula a gefe ga mai so, amma dukkanmu masu ci da hannu ne kuma dukkanmu da dama muke ci, nan babu rigima.

In akwai magidanci Ibo a cikin baƙin, ki gaya wa maigida ya tanadi goro a faranti ya miƙa wa babban cikinsu kafin abinci. Goro a wajensu ba abin taunawa kawai bane, shi ne marhabin, babba ne yake ɗagawa ya yi addu'a a kai da yarensu sannan a fasa a raba, har suna cewa goro baya jin Turanci, kuma a al'ada maza ne ke fasawa, don haka ke dai ki miƙa wa maigida ki koma gefe. Nasu na asali shi ne wanda muke kira hannun ruwa, mai ɓari uku huɗu ko fiye, namu mai ɓari biyu kuwa "gworo" suke ce masa, sunanmu suka ɗauka. Yarbawa kuma suna ce masa "gbanja", kin ji Gwanja kenan, can ƙasar Gana inda kakanninmu fatake suke zuwa da jakuna su saro goro. In an samu yalo a haɗa a farantin ya yi kyau.

Yanzu ga babban kuskuren da na tafka, shi ma yana cikin dalilan rubutun nan. Ranar farko da suka zo na jera musu komai, masa a tire, miya a kwanuka, zoɓo a jug, nace bismillah ku ci, sai na ja labule na koma kicin na zauna a kan turmi. A tarbiyyar gidanmu haka ake yi, baƙo ana kai masa abinci a bashi wuri ya sake, tsayawa a kansa rashin kara ne, kamar kina ƙirga masa loma. Ina zaune ina jin shiru, babu ƙarar kwano babu komai, nace a raina shikenan miyar bata yi ba. Can sai ga Iya Ibeji ta ɗaga labule hannunta a ƙugu, da guntuwar Hausarta da ta koya wajen masu nama take tambayata lafiya, ko mun yi miki laifi ne? Ashe zaune suke suna jirana, miya har ta fara sanyi, Madam kuma ta fara tattara jakarta don a ganinta wanda ya kira ka cin abinci ya ƙi zama da kai to ƙyamarka yake yi. Ni ina can ina girmama su, su suna nan suna jin an wulaƙanta su. Don haka ki zauna. Ki wanke hannu a gabansu, ki fara kai loma, ki ci sosai ba irin cin amarya ba. Kunyar nan ki rataye ta a ƙofar kicin sai sun tafi ki ɗauka.

Addu'a kuma kowa ya yi tasa, ke ki yi bismillah, in sun sunkuyar da kai suna tasu ki yi shiru na minti ɗaya har su gama, ba abinda ya ragu a jikinki.

Hira a kan abinci: siyasa a'a, yaƙin basasa a'a, rikicin manoma da makiyaya a'a, wa'azi ma ba ranarsa bace. In kin rasa abin faɗa ki ɗauko kayan miya ki tambayi sunansu, wallahi wannan kaɗai zai cinye muku awa guda. Ki ɗaga kanwa, Bayarabiya zata ce kaun, 'yar Ibo ta ce akanwu. Albasa, alubosa, yabasi. Tattasai su ce tatashe. Daddawa ita ce iru ɗinsu, daga ƙwayar ɗorawa ɗaya ake yi, sai dai tasu a jiƙe take ƙwaya-ƙwaya tamu kuma an daka an busar. Shuwaka ewuro ce a wajen Yarbawa, onugbu a wajen Ibo. Ƙosai akara. Sai kowa ya fara gardamar wa ya ara wajen wa, irin gardamar da ba a tashi da fushi.

Daga nan sai ki ce masa ta kusa ƙarewa bari in ƙaro, wa zata raka ni. Dalilin rage rabin ƙullun kenan. Duk zasu biyo ki kicin, ki miƙa wa ɗaya cokali ki ce ta juya, zata fasa ta farko da ta biyu, ta uku ta fito daidai ta hau ihu kamar ta ci gasa. Abinda aka yi a gaban tandar nan na minti 20 ya fi duk gaisuwar bakin famfo ta shekara guda.

In zasu tafi kowa ki ƙulla masa sauran masa da yaji a leda ko 'yar roba, a Legas baƙo ya tafi hannu rabbana daga wajen ci abin magana ne, musamman wadda ta baro miji ko suruka a ɗaki.

Saura zagaye na biyu, kuma nan ne dabarar da tafi min amfani. Dole zasu ce su ma sai sun rama, ke kuma zuciyarki zata fara wasiwasi, naman wa ya yanka, tukunyar me aka taɓa dafawa a ciki. Maimakon ki yi ta ƙirƙiro uzuri har su gane gudu kike, ki riga su, ki ce ni so nake ki koya min da hannunki, ki zo kicin ɗina, ki rubuta min abinda zan sayo. Nama naki, tukunya taki, ilimi nata. Ita ta samu girman zama malama, ke kin ci hankali kwance. In kuma gidansu za a je, ki ce kifi kike so, magana ta ƙare.

Haka na koyi amala da ewedu da gbegiri. Ewedu ashe lalo ne, ɗanye ake tsinke ganyen a dafa a ruwa kaɗan da ɗan ƙanƙanin kanwa da iru, minti 7 zuwa 10, sai a buge shi da wata 'yar guntuwar tsintsiya da suke kira ijabe wadda ba a shara da ita sai wannan aikin, ni da na ga an tsoma tsintsiya a tukunya sai da na dafe ƙirji. Gbegiri kuma miyar wake ce, a surfa a cire ɓawo a dafa ya narke a tace a sa manja. Amala garin busasshiyar doya ne, ana tuƙa shi da muciya kamar tuwo sai dai yafi saurin yin gudaji, hannu baya tsayawa. A zuba ukun a kwano ɗaya da jar miya a sama. Madam ita kuma miyar shuwaka ta koya min, an wanke ganyen har ɗacin ya kusa fita duka, aka daka dafaffen gwaza aka jefa ya yi kauri, sai ta warware wani ganye ta ɗebo ogiri, irin tasu daddawar. Jama'a! Na toshe hanci, ta kalle ni ta nuna gwangwanin daddawata da ke kan kanta, ta ce wannan fa, turare ne? Ban sake magana ba, kuma kwano biyu na ci.

Wani abu na ƙarshe da ya shafi aljihu: in za ki je gida ganin dangi ki sayo tanda biyu ko uku, ta ƙarfe ba ta ƙasa ba don ta ƙasa bata kaiwa Legas da rai a mota. Tawa ta farko Iya Ibeji ta are ta zata yi wa 'yan biyu masa ranar zagayowar haihuwarsu, yau shekara uku kenan, duk sanda na tambaya sai ta ce gobe, kuma ina jin ƙamshin suyar daga ɗakina duk ranar Asabar.